Buhun Gawayin Ciyaman

Shafi na 19

Salamu alaikum jama'ar gidan nan. Na ga masu cewa na tsani Ciyaman Sagir na ƙungiyar masu mashin ba gaira ba dalili, musamman ke da kika rubuta a ƙasan shafin jiya wai "ina ma mijina ne". Ban ce miki komai ba. Gyara zama ki karanta, in kin gama ki faɗa mini ko har yanzu kina so a kai miki shi gida.

*

Yau ce ranar zanga-zangar.

Tun rana ba ta yi zafi ba filin gaban kamfanin roba na Sharada ya cika da mashina, amma ba ka jin ƙarar ko ɗaya. Haka aka shirya. Ba mai hawa, ba mai tayarwa, turawa za a yi da hannu har ofishin masu haraji, su ga abin da kuɗin fakin ɗinsu ya mayar da ma'aikaci. Kullum ta Allah sai ka biya don ka ajiye mashin a bakin kamfanin da kake wa aiki, a fili fetal, ba rumfa ba mai gadi. In ba ka biya ba, yaran ɗan kwangilar karɓar kuɗin masu riga ruwan ɗorawa su zare hular fulogi su yi gaba da ita. 'Yar roba ce da za ka dunƙule a hannu, amma in babu ita ko kwana za ka yi kana buga mashin ba zai tashi ba.

Rukayya matar Ciyaman, uwar 'yarsa Lubna, tana can rumfarta ta shinkafa da wake a jikin katangar kamfanin, tana ta sauri. Ta san yau ciniki sai wanda ya gani.

Gawayinta ya ƙare tun jiya. Maigidan kuma ya fice da sassafe zuwa wajen taro, garin sauri ya bar mukulli a jikin ƙofar ɗakin zaure, ɗakin da ya ce gawayi yake tarawa a ciki sai damina ta yi nisa ya sayar, kuma kada kowa ya taɓa masa. Ta ce a ranta buhu ɗaya dai ba zai kashe shi ba. Ta ja ɗaya, mai adaidaita ya ɗora mata.

Yanzu ga shi ta kwance bakin buhun ta karkata shi a kan kurfoti.

Gawayi ya zubo kamar cikin kwano guda.

Sai wani abu ya biyo baya.

"Ke Rukayya, wannan wane irin gawayi ne?" in ji Ladi mai ƙosai, maƙwabciyarta a rumfa, ta leƙo da matsami a hannu.

Rukayya ta durƙusa ta ɗebo. Ba gawayi ba ne. Hulunan fulogi ne, cike da buhu har ƙasa.

Kuma ba sababbi ba. Kun san yadda mutanen nan suke yi tun da aka fara cire musu, kowa ya yi wa tasa shaida da sharar kamfaninsu. 'Yan Sharada su ɗiga narkakkiyar roba mai launi, 'yan Bompai su naɗa zare, 'yan Challawa masu jima su ɗaura guntun fata. To ga su nan duka a buhu ɗaya, kore da shuɗi da ja.

Ladi ta ce, "Innalillahi. A ina kika samo?"

Rukayya ta ƙara cusa hannu cikin buhun. Hannunta ne kawai yake ta tonawa, ita kanta ba ta san me take nema ba sai da ta same shi.

Wata hula ce da aka yi wa riga da jar fata, ba ɗauri ba, ɗinki ne sosai, ƙanana ƙanana a jere irin na bakin laya. Mutum ɗaya ne ta sani yake irin ɗinkin nan. Mahaifinta, Malam Ɗahiru baduku. Shi ya zauna a ƙofar gida ya ɗinka wa ƙanenta Uwaisu ita, yana dariya yana cewa a ga ɓarawon da zai ce tasa ce.

Malam Ɗahirun da ko sadakar arba'in ɗinsa ba a yi ba.

Ta ɗago ta dubi Ladi.

"Je ki kira mini Abban Lubna."

"Yana tsakiyar mutane fa."

"Ki ce masa kurfotina ya ƙi kamawa, gawayinsa ba shi da kyau. Haka za ki faɗa masa."

*

Ko da Ladi ta isar da saƙon, Ciyaman bai tsaya neman ƙarin bayani ba. Sai ga shi ya ratso mutane, farar shadda tana ɗaukar ido, 'yar lasifika a rataye a kafaɗa, ana ta "Sai Ciyaman!" yana ɗaga hannu yana murmushi. Murmushin nan bai bar fuskarsa ba sai da ya zagayo bayan rumfa, inda kwatar kamfani take bi da baƙin ruwanta mai wari.

Ya ga buhun. Ya ga matarsa.

"Wa ya ba ki izinin shiga ɗakin nan?"

Kun ji fa. Tambayar da ta fara fitowa daga bakinsa kenan.

Ta ce, "Mene ne wannan?"

"Na ce wa ya ba ki izini?"

"Abban Lubna, mene ne wannan?"

Ya waiga hagu da dama, ya sa ƙafa ya tura buhun ƙarƙashin tebur.

"Kayan ƙungiya ne. Waɗanda muke sayar wa mambobi da rahusa in an cire musu. Ke ma kin sani."

"Na sani. Ka ce daga kasuwar Ƙofar Ruwa kake saro su."

"To?"

"A Ƙofar Ruwa ake ɗiga musu robar Sharada?"

Ya sake waigawa, ta ci gaba.

"A can ake naɗa musu zaren Bompai?"

"Rage murya."

Ta buɗe tafin hannunta. Jar fatar nan tana kwance a kai.

"Wannan fa? A can Baba ya je ya ɗinka?"

Wallahi da mutum ne mai sauran kunya da nan zai nemi ƙasa ta tsage. Shi kuwa tsaki ya yi, irin tsakin wanda ya tuna ya bar famfo a buɗe.

"Ashe tana nan. Na yi niyyar jefa ta masai na manta."

Rukayya ta dafa tebur.

"Kenan ka san tana wajenka."

"Rukayya, ki saurare ni."

"Yaran nan masu ruwan ɗorawa, naka ne?"

"Ba nawa ba ne. Na Alhaji mai kwangila ne. Ni dai duba masa su nake yi."

"Kai suke kawo wa hulunan."

"Wani ne zai karɓa in ban karɓa ba."

"Ka kankare shaidar, ka sayar wa masu su."

"Da rahusa!" ya faɗa yana nuna ta da yatsa. "Da rahusa nake ba su! Je ki tambayi kuɗin sabuwa a kasuwa. Taimako ne, in kina da hankali."

Tir. Ni da nake rubutawa sai da na ajiye wayar na sha ruwa.

Ku da kuka biyo labarin nan kun san abin da ya faru ranar Juma'ar can, amma bari in tuna muku don ku ji abin da Rukayya take ji. Tana ƙauye tana jinyar Baba, rai ya yi halinsa da hantsi. Aka kira Uwaisu yana tsakiyar aiki a kamfanin fata na Challawa. Ya fito da gudu ko hannu bai wanke ba, ya tarar an zare masa hula, yaran sun tafi. Wata ya yi nisa, aljihu ba komai. Ya tura mashin a ƙafa har Panshekara yana neman mai kayan gyara, duk sun rufe sun tafi masallaci. Kafin ya samu mai rage masa hanya ya isa ƙauye, an dawo daga maƙabarta. Ɗa namiji tilo, bai ga fuskar ubansa ba, bai sallace shi ba, bai zuba masa ƙasa ba.

Tun ranar Uwaisu ya rantse ba zai sayi wata hula ba, ba zai sake hawa mashin ɗin ba sai an soke kuɗin fakin. Daga turawar da ya yi ne ma aka samo dabarar zanga-zangar yau.

Rukayya ta ce, "Ya kira ka ranar."

"Wa?"

"Uwaisu. Ina tsaye a bayanka a zauren gidanmu, gawar Baba tana ciki. Na ji muryarsa a wayarka yana kuka. Yana cewa Yaya Sagir sun cire mini, Yaya Sagir ka san wanda zan kira?"

Ciyaman ya kau da kai.

"Me ka ce masa?"

"Ban tuna ba."

"Ni na tuna. Ka ce Allah ya isa tsakaninmu da azzalumai."

"To ƙarya na yi?"

"Waya ɗaya za ka buga wa yaronka ya mayar masa."

"In buga in ce me? In ce ni Ciyaman na ƙungiyar masu mashin ina da lambar 'yan tikiti, kuma suna jin maganata? Ke kin san abin da kike faɗa kuwa? Da ranar asirina ya tonu."

"Sai ka bar na Uwaisu ya ƙone."

"Ƙaddara ce. Ko da jirgi ya zo, in Allah bai nufa ya samu jana'iza ba ba zai samu ba."

"Liman ya ce a ɗan ƙara jiransa." Ta nuna shi da yatsa. "Kai ka ce a'a. Kai ka ce kada a wahalar da mamaci, rana tana yi. Kai ka kama gaban makara."

"Surukina ne, ba zan ɗauke shi ba?"

"Da hannun nan."

"Da hannun nan, ƙwarai! Kuma da hannun nan na sayi buhun shinkafar da aka yi sadakar uku. Kin ci ko ba ki ci ba? Danginku sun ci ko ba su ci ba? Har ana sa mini albarka. Kina tsammanin daga albashina na tsaron sito na fitar?"

Nan Rukayya ta juya. Ta yi taku biyu ta durƙusa a bakin kwata, ta amayar da ɗan kokon da ta sha da safe. Ta daɗe a durƙushe tana kakari ba abin da yake fita.

Shi kuwa ya ja shaddarsa gefe kada ta fallatsar masa.

*

Da ta ɗago ta goge baki da gefen mayafi, sai ya sauko da murya, ya koma lallashi. Kun san shi da baki.

"Haba Maman Lubna. Ki yi tunani. Wa ya rufa miki ɗakin nan da kwano? Wa ya cire Lubna daga makarantar da suke zama a ƙasa? Duk don ku nake yi. Garin nan in ba ka ci ba cinye ka za a yi."

"To zanga-zangar fa? Ta mece ce?"

"Wannan ba huruminki ba ne."

"Kai ke karɓa, kai ke jagorantar masu cewa a daina karɓa. Ta mece ce?"

Ya yi 'yar dariya, har da gyara hula. Abin da ya fi ba ni haushi da mutumin nan kenan, in ya tuna wayonsa sai ya manta a gaban wa yake.

"Ai in ba ka riƙe linzamin fushin mutane ba, wani ne zai riƙe. Tun da abin Uwaisu ya faru suke tafasa. In na bar su, wata rana za su kama yaran nan su yi musu illa, kwangila ta lalace. To gara ni in kai su. Su tura mashin su gaji, rana ta gasa su, a shiga da ni ofis, in fito in ce an yi sulhu. An daina biyan kullum, an koma sitika ta wata-wata."

"Wa zai sayar da sitikar?"

"Ƙungiya mana."

"Kai kenan."

"Kowa ya huta. Su sun ga sun yi nasara, Alhaji bai yi asara ba."

"Uwaisu ba zai yarda da sitika ba. Ya rantse sai an soke."

Ciyaman ya mayar da idonsa kan kwata.

Gaban Rukayya ya faɗi.

"Abban Lubna. Me ya sa ka ce shi zai shige gaba?"

"Shi aka zalunta, shi ya dace."

"Me ya sa?"

"Ba abin da za a yi masa."

"Wa zai yi masa?"

Ya ja numfashi, kamar ita ce take takura masa.

"Akwai motar 'yan sanda tana jira a kwanar gaba. Masu taurin kai na sahun farko za a ɗauke, don sauran su yi laushi. Kwana biyu ne kawai, ni da kaina zan je in yi belinsa. Har gode mini zai yi."

"Kamfaninsu fa? Ka san wanda ya kwana biyu bai shiga shifti ba an maye gurbinsa."

"Sai in sama masa wani abin."

"Me?"

"Ana neman ƙarin yara a wajen tikiti."

Allah wadaran naka ya lalace. Yaron da aka hana binne ubansa, shi za a sa wa riga ruwan ɗorawa ya je yana zare wa wasu.

Rukayya ta tsaya tana kallonsa. Shekara da shekaru tana wanke wa mutumin nan kaya, tana sanin irin gishirin da yake so a miya, tana tashinsa sallar asuba. Ta nemi fuskar da ta sani a jikin wannan fuskar ta rasa. Ba tsoro take ji ba, ba ma fushi ba tukuna. Ƙyama take ji, irin wadda kake ji in ka gama cin abinci ka ga abin da yake ƙasan kwanon.

Daga fili aka fara kira.

"Ina Ciyaman? Rana tana yi!"

Ya gyara zaman lasifikarsa, ya matso dab da ita har tana jin turarensa.

"Ba ni wannan."

Ta dunƙule hannu ta mayar baya.

"Rukayya, ba ni."

"Ta Uwaisu ce."

Ya dubi hannun, ya dubi Ladi da take leƙe ta jikin buhun rumfa, ya ga ba wajen kokawa ba ne.

"To ji nan. Ki ɗaure buhun nan ki zauna a kansa har in dawo. In kika buɗe baki kika faɗa wa wani abin da muka yi magana a nan, ko Uwaisu ko waninsa, a bakin aurenki. Kin ji ni?"

Ta ƙara damƙe hular a bayanta.

"Na ce a bakin aurenki. Sai ki zaɓa."

Ya juya, kafin ya kai kwanar rumfa murmushin ya dawo.

*

Ladi ta shigo da sauri ta kama ta.

"Na ji komai. Rukayya, don girman Allah ki zauna."

"Sake ni, Ladi."

"Kin ga yawan mutanen can? In suka ji, wallahi ko ƙashinsa ba za a tsinta ba. Uban 'yarki ne."

"Na sani."

"Ki bari a watse, ki je gida ki kira manya."

"Kafin a watse an ɗauke Uwaisu."

"To ki kira shi gefe ki ce kada ya shiga gaba. Ki ce mafarki kika yi."

"Kin san Uwaisu. Ko Baba ne ya dawo ya ce ya koma baya, yau ba zai koma ba."

Ladi ta sake ta, sai hawaye.

Rukayya ta leƙa fili. Ga Ciyaman can ya hau benci, lasifika a baki.

"'Yan uwana ma'aikata! Yau ranar 'yanci ce!"

"Sai Ciyaman!"

"Sun cire mana huluna, amma ba su cire mana zuciya ba!"

Fili ya ɗauki ihu.

"Ina ƙanena Uwaisu? Ina marayan da azzalumai suka hana ganin gawar mahaifinsa? Matso gaba, ɗan'uwana! Kai ne tutarmu!"

Mutane suka dare. Sai ga Uwaisu ya turo mashin ɗinsa, duk ƙura ta rufe shi, wayar fulogi tana reto ba hula. Ya rame, wuyan rigar aikinsa ya yi masa yawa, hannayensa sun rine da ruwan jima. Ya tsaya a gaban benci yana kallon mijin yayarsa kamar yadda yake kallon Baba in yana magana.

Wannan kallon ne ya ƙarasa Rukayya.

Ta tuna Lubna, ta tuna ɗakinta, ta tuna gidansu na ƙauye da yanzu ba uba a ciki. Duk ta tuna, kada wani ya ce ba ta tuna ba. Sannan ta sunkuya ta kama kunnen buhu.

"Rukayya!" in ji Ladi.

Ta ja shi a ƙasa, ƙiii, ta ratsa tsakanin mashina. Mutane suna matsawa suna dariya.

"Matar Ciyaman ta kawo mana guzuri!"

"Hajiya, a dafe ne ko ɗanye?"

Ba ta kula kowa ba. Ta isa gaban benci, ta kama gindin buhun ta ɗaga.

Hulunan suka zubo a ƙasa, suna gangarawa har ƙarƙashin tayoyi.

Fili ya yi tsit.

Wani dattijo ɗan Bompai ya sunkuya ya ɗauki ɗaya mai shuɗin zare, ya juya ta.

"Kai. Wannan ai tawa ce."

"Ga tawa!"

"Wallahi ga koriyar robata!"

Nan da nan aka rufu a kai ana tsinta. Wasu suka fara ɗagowa suna duban benci, fuska ba dariya.

Kuna tsammanin ya daburce? Ba ku san Sagir ba. Launin fuskarsa ya canza na ɗan ƙiftawar ido, sai ya ɗaga lasifika.

"Allahu Akbar! 'Yan uwa, abin da na ɓoye muku kenan sai mun isa ofis! Ƙungiya ta ƙwato muku kayanku daga hannun azzalumai! Jiya jiyan nan! Uwargida ce ta kasa haƙuri, ku yi mata uzuri, kun san mata!"

Fili ya fashe.

"Sai Ciyaman! Sai Ciyaman!"

Har wasu suna ƙoƙarin ɗaga shi sama. Dattijon nan na Bompai yana share hawaye yana sa masa albarka. Ni kam a nan na ce anya mutumin nan ba zai mutu a kan gadonsa ana yabonsa ba?

Uwaisu ne kaɗai bai yi ihu ba. Ya kafe mashin, ya durƙusa yana tona tarin da hannu biyu. Ya tona nan, ya tona can.

"Tawa ba ta ciki," ya faɗa a hankali.

Rukayya ta ce, "Uwaisu."

Ya ɗago.

Ta miƙa masa hannu ta buɗe.

Ya daɗe yana kallon jar fatar kafin ya karɓa. Ya shafa ɗinkin da babban yatsa, ɗaya bayan ɗaya.

"Ɗinkin Baba."

"Shi ne."

"Yaya, jiya aka ƙwato ta?"

Daga kan benci Ciyaman ya sauke lasifika, ya sunkuyo, murmushi yana nan a fuska don masu kallo, muryar kuwa ita kaɗai da Uwaisu suka ji.

"Rukayya. Na faɗa miki."

Uwaisu ya dubi mijin yayarsa, ya dubi yayarsa.

"Me ya faɗa miki?"

Na kusa da su suka fara yin shiru. Shirun ya riƙa tafiya baya, sahu sahu.

Rukayya ta gyara mayafinta. Ba ta ɗaga murya ba, amma ba ta rage ba.

"Ba ƙwato ta aka yi ba. A ɗakin zauren gidanmu take tun ranar da Baba ya rasu. Shi yaran suke kai wa. Shi yake sayar muku da kayanku. Ranar da ka kira shi kana kuka, waya ɗaya zai buga a mayar maka, ya ƙi. Kuma akwai mota tana jiranka a kwanar gaba, shi ya shirya."

Ta juya ta dubi benci.

"Na buɗe bakin, Sagir."

Karo na farko kenan tun da aka ɗaura musu aure da ta kira sunansa.

Ba wanda ya yi motsi. Dattijon Bompai yana tsaye da hularsa a hannu, baki buɗe, albarkar da yake sa masa ba ta ƙarasa fita ba.

Ciyaman ya kai lasifika baki.

"'Yan uwa... matar nan ba ta da lafiya tun rasuwar..."

Wani ya miƙa hannu ya fizge lasifikar. Ya waiga zai sauka ta baya, ya tarar mashina sun kewaye bencin, taya na jikin taya, ba inda zai sa ƙafa.

Uwaisu ya dunƙule hular a hannu. Ya miƙe ya koma wajen mashin ɗinsa. Ya kama wayar da take reto, ya murɗa mata jar hular, ya danna ta a kan fulogi har ta ce ƙas. Ya goge kujera da tafin hannu, ya hau.

"Uwaisu, yau ba a tayarwa," wani ya faɗa daga baya, murya ƙasa ƙasa.

Ya buga.

Mashin ɗin da ya yi makonni a kafe ya tashi bugu ɗaya. Ƙararsa kaɗai ce a duk filin Sharada.

Ya juya kan mashin ya saita benci.

Sai a lokacin Rukayya ta lura inda take tsaye. Benci a bayanta, tayar gaba a gabanta.

Uwaisu ya murɗa hannun mashin, idonsa jawur, hawaye yana bin haɓarsa.

"Matsa, Yaya."